Idan garin ƙara ƙarfi ya kwantar da kai: yadda ake neman haƙƙi a kotu

A watan Satumba na 2013 likitoci a jihar Hawaii ta Amurka suka sanar da hukumar lafiya cewa suna da majiyyata bakwai da hantarsu ta kumbura ƙwarai, alhali dukkansu da lafiyarsu ƙalau kafin nan, kuma gwaji bai nuna ƙwayar cutar hanta a jininsu ba. Da aka bi diddigi sai aka ga abu ɗaya ne ya haɗa su: kowannensu yana shan OxyElite Pro, wani maganin rage ƙiba da ƙara kuzari da kamfanin USPlabs na birnin Dallas yake yi, wanda ya yi farin jini a wajen masu zuwa gidan motsa jiki. Zuwa Fabrairun 2014 an ƙirga mutum 97 da irin wannan ciwo, 72 daga ciki sun ce sun sha maganin. An kwantar da 47 a asibiti, aƙalla uku sai da aka yi musu dashen hanta, mace ɗaya ta rasu. A 2020 aka yanke wa shugaban kamfanin, Jacobo Geissler, ɗaurin shekara 5, abokin aikinsa Jonathan Doyle kuma shekara 2. Cikin abin da aka tuhume su da shi har da gaya wa 'yan kasuwa cewa daga tsirrai aka tato kayan haɗin, bayan kuwa sinadarai ne da aka haɗa a masana'anta a ƙasar Sin.

Ɗaurin shugaban kamfani ba ya biyan kuɗin asibitin kowa. Wanda aka cuta sai ya tashi ya nemi diyyarsa da kansa, kuma mafi yawan irin waɗannan ƙararraki a makon farko na rashin lafiya ake cin su ko a faɗi, tun kafin a ga fuskar lauya. Shi ya sa na tsara wannan bayani daki-daki. Ya fi shafar 'yan'uwanmu mazauna Amurka, don can ne ake yin yawancin irin waɗannan kayan ƙara ƙarfi da rage ƙiba, can ne kuma shari'o'in suka fi yawa, amma a ƙarshe zan taɓo abin da wanda ya saya a Najeriya zai yi.

Ka fara sanin inda ɓarakar take

Mutane da yawa suna ɗauka duk abin da aka jera a kantin Amurka hukuma ta gwada shi. A game da waɗannan kaya ba haka ba ne. Wata doka ta 1994, wadda ake kira DSHEA, ta sa garin ƙara ƙarfi da kafson rage ƙiba da makamantansu a sahun abinci. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ba ta amincewa da su kafin su shiga kasuwa kamar yadda take yi wa magani. Kamfani ne ke da alhakin tabbatar da lafiyar kayansa, hukuma kuma sai bayan an fara kwasar mutane zuwa asibiti take shigowa, sannan ita ce za ta kawo hujjar cewa akwai haɗari. Idan kamfani zai sa sabon sinadarin da ba a sayar da shi kafin 15 ga Oktoba 1994, doka ta ce ya sanar da hukumar kwana 75 kafin ya fitar da kayan. USPlabs bai yi haka ba lokacin da ya cire sinadarin ƙara kuzari mai suna DMAA daga OxyElite Pro ya maye gurbinsa da wani mai suna aegeline.

Wani nazari da aka buga a 2018 ya tattara gargaɗin da FDA ta fitar daga 2007 zuwa 2016, ya sami kaya 776 da aka ɓoye magani a cikinsu. Mafi yawa na ƙarin ƙarfin maza ne, da aka zuba wa sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra. Sai na rage ƙiba, da aka zuba wa sibutramin, maganin da aka janye daga kasuwar Amurka a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya. Sai na gina tsoka, da aka zuba wa sitiroyid. Akwai kuma garin da ake sha kafin a fara atisaye, irin Craze, wanda a jikin robarsa aka rubuta cewa an tato shi daga wani fure, amma a 2013 Dakta Pieter Cohen na jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka sami wani sinadari ɗan'uwan ƙwayar maye ta metamfetamin a ciki.

Mataki na farko: asibiti, da abin da za ka gaya wa likita

Da zarar ka ga idonka ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, jiki yana ƙaiƙayi ba ƙurji, ko zuciya tana dukan uku-uku, ƙirji yana ciwo, kai yana sarawa irin wanda ba ka taɓa ji ba, ko tsoka ta kumbura tana zogi kwana biyu bayan atisaye, ka daina shan abin nan take ka nufi sashen gaggawa. Kada tsoron kuɗi ya zaunar da kai a gida ana jiƙa maka maganin shawara. Dokar Amurka ta 1986 ta wajabta wa asibitocin da ke da sashen gaggawa su duba wanda ya zo, su ceto shi daga haɗari, ko yana da inshora ko ba shi da ita. Idan Turancinka bai kai na bayanin ciwo ba ka nemi tafinta, haƙƙinka ne. Akwai kuma layin masana guba, 1-800-222-1222, da ke aiki dare da rana kyauta.

Ka tafi da robar a hannunka, ka nuna wa likita, amma kada ka bar ta a asibiti. A ɗauki hotonta a sa a fayil, ka dawo da abarka gida.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ka faɗi sunan kayan, ranar da ka fara, cokali nawa kake sha a rana, da ranar da ka sha na ƙarshe. Ka faɗi duk wani abu da ya shiga cikinka a watanni uku da suka wuce: farasitamol, lemon ƙara kuzari, kofi, jiƙo ko garin gargajiya da aka aiko maka daga gida, maganin maza, allura idan ka taɓa yi. Na san akwai kunya a wasu daga ciki. Amma duk abin da ka ɓoye, lauyan kamfani zai tono shi wata rana, kuma a lokacin ba ɓoyewar kaɗai zai nuna wa kotu ba, zai ce duk maganarka ba abin kamawa ba ce. Sannan kafin ka fita ka tabbatar likita ya rubuta sunan kayan a fayil ɗinka. Rubutun da aka yi a ranar farko, tun ba a yi maganar kotu ba, ya fi duk wani bayani da za a yi daga baya nauyi.

Ka roƙi abu biyu. Na farko, a yi gwaje-gwajen da suka dace da ciwon: na aikin hanta da na ƙoda, na narkewar tsoka da ake kira CK, da awon bugun zuciya, a kuma gwada ƙwayoyin cutar hanta na A da B da C don a san ko suna nan ko babu. Na biyu, a ɗebi fitsari da jini a adana. Sinadaran ƙara kuzari ba sa daɗewa a jiki, cikin 'yan kwanaki suke fita. Gwajin ƙwaya na yau da kullum da asibiti ke yi ba a tsara shi don gano su ba, har ma DMAA yakan sa gwajin ya nuna kamar mutum ya sha amfetamin. Idan haka ta faru da kai, ka nace a yi gwajin tabbatarwa, kada a bar tabon shaye-shaye a fayil ɗinka.

Mataki na biyu: kada a jefar da robar

Wannan shi ne matakin da na fi so ka riƙe. Abin da yakan faru shi ne, mutum yana kwance a asibiti, matarsa ko mahaifiyarsa cikin ɓacin rai ta ɗauki robar ta juye garin a shara, ta ce ba za ta ƙara ganin wannan masifa a gidanta ba. Kowa zai fahimci zuciyarta, amma ƙarar ce aka zubar. Da'awarka ita ce akwai wani abu a cikin wannan roba da ba a rubuta a jikinta ba. In babu robar, da me za ka nuna? Sayen wata sabuwa ba ya maye gurbinta, don masu algus ba kowane rukuni suke zuba wa abu iri ɗaya ba, kuma kamfani yakan sauya haɗi shiru da zarar ya ji ƙishin-ƙishin ɗin bincike.

Ga yadda za ka yi. Ka rufe murfin sosai, ka bar garin a mazubinsa na asali, kada ka juye a leda ko kwalba. Ka sa robar a jakar leda mai zif, ka rubuta kwanan wata a kai, ka ajiye a wuri busasshe mai sanyi inda yara ba sa kaiwa. Ka ɗauki hoton kowane gefe: gaba, jerin kayan haɗi, gargaɗi, ƙasan robar inda ake buga lambar rukuni kusa da kalmar Lot ko Batch, da ranar lalacewa. Ɗan cokalin ciki, takardar da ta rufe bakin, kwalin da aka aiko shi da takardar adireshi, duk ka adana. Idan kana da wata robar da ba a buɗe ba mai lamba iri ɗaya, ka riƙe ta kamar zinariya, don ita ce ke toshe bakin mai cewa kai ka zuba wani abu a ciki. In babu, ka koma shagon ka duba ko akwai mai lambar, ka saya ka karɓi rasit.

Ka buɗe ɗan littafi ka riƙa rubuta duk wanda ya taɓa robar, da rana, da dalili. Kotu tana son ta ga kayan bai bar hannun amana ba daga ranar saye zuwa ranar gwaji.

Abu biyu kada ka yi. Kada ka mayar wa kamfani ko shago da kayan, ko da sun ce za su mayar maka da kuɗinka, ko sun ce za su gwada maka kyauta, ko da an yi shelar janye kayan daga kasuwa. Kada kuma ka yi gaggawar aika duka garin wani ɗakin gwaji da ka gani a intanet. Gwaji yana cinye abin da aka gwada, kuma kamfani yana da damar ya yi nasa. Lauya ne zai zaɓi ɗakin gwaji mai shaidar ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa da ake kira ISO 17025, a raba garin, a ajiye kaso.

Sai shaidar saye: rasit, saƙon imel na oda, bayanin banki. Idan a hannun koci ka saya a gidan motsa jiki, ka adana hirarku ta WhatsApp da shaidar tura kuɗi. Ka ɗauki hoton shafin tallar yau ɗin nan, da duk alkawarin da ke ciki, musamman inda aka ce daga tsirrai ne zalla. Shafukan talla sukan ɓace dare ɗaya.

Mataki na uku: ka kai rahoto, ka kama bakinka

Ka shigar da rahoto ga FDA ta tsarin MedWatch, a intanet ko ta lamba 1-800-FDA-1088, ka kuma roƙi likitanka ya shigar da nasa. Ba diyya rahoton zai kawo maka ba, amma da irinsa aka gano abin da ya faru a Hawaii, kuma idan aka sami mutum goma da ciwo ɗaya daga rukuni ɗaya, ƙarar kowannensu ta yi ƙarfi. Tun dokar 2006 dole ne a sa adireshi ko lambar waya ta cikin Amurka a jikin robar, kuma idan aka sanar da kamfani mummunar illa, dole ya miƙa wa FDA cikin kwanakin aiki 15.

Bayan haka ka rage magana. Idan wakilin kamfani ko na inshorarsa ya kira da murya mai daɗi yana jajantawa, yana neman ya naɗi bayaninka, ka ce lauyanka zai tuntuɓe shi. Kada ka sa hannu a kowace takarda, kada ka karɓi cek ko kyautar kaya. Ka dakatar da sa hotuna a Facebook da Instagram da TikTok. Hoto ɗaya da kake murmushi a wajen biki ya isa a ce ka warke. Amma tsofaffin abubuwan da ka riga ka sa, kada ka goge, don kotu na iya ɗaukar gogewar a matsayin ɓatar da hujja.

Ka nemi kwafin fayil ɗinka na asibiti a rubuce, doka ta ba su kwana 30 su ba ka. Ka tara takardun kuɗin magani da na albashi da ke nuna ranakun da ba ka je aiki ba. Direban tasi ko mai kai saƙo ya sauke bayanin kuɗin shigarsa na watannin baya daga manhajar da yake aiki da ita.

Mataki na huɗu: lauya, kafin wa'adi ya cika

Kowace jiha tana da wa'adin shigar da ƙarar rauni. A Kentucky da Tennessee shekara 1 ce. A Kalifoniya, Texas, Ohio, Jojiya da Illinois shekara 2. A New York da Maryland shekara 3, amma idan rasuwa aka yi, a New York shekara 2 ce magada suke da ita. Wasu jihohi suna fara ƙirga daga ranar da ka gane ko ya kamata ka gane musabbabin ciwon, amma kada ka jingina da wannan. Ka ƙirga daga ranar da ka fara rashin lafiya. Wanda ya wuce wa'adi, komai ƙarfin hujjarsa, ihu ne bayan hari.

Lauyan da ya yi maka takardun zama, ko wanda ya karɓo maka kuɗin haɗarin mota, ba lallai ne ya iya wannan ba. Wanda kake nema shi ne mai shari'ar kayan da suka cutar da masu saye, wanda ya taɓa yin ta magani ko ta irin waɗannan kaya. Ƙungiyar lauyoyi ta kowace jiha tana da sashen haɗa mutane da lauya. Zaman farko galibi kyauta ne, don haka ka ga biyu ko uku. Ka tambaye shi ƙara nawa irin wannan ya yi, ko ya taɓa kai ɗaya har gaban alƙali, wane ɗakin gwaji yake aiki da shi, da kuma ko shi zai riƙe ƙarar ko miƙa ta zai yi ga wani ofishi.

Yawancinsu ba sa karɓar kuɗi sai an ci nasara, sai su ɗauki kaso, daga kashi ɗaya cikin uku zuwa kashi 40 cikin 100. Ka karanta yarjejeniyar da kyau a wuri biyu: kuɗin gwaji da na ƙwararru, kafin a cire kason lauya ake fitar da su ko bayan an cire? Idan aka faɗi, wa zai biya su? A sa amsar a rubuce.

Akwai tambayar da na san tana cin wasu a rai, musamman a unguwanni irin Bronx ta birnin New York inda 'yan Zango suke da yawa: wanda takardunsa ba su cika ba zai iya kai ƙara? Zai iya. Kotunan Amurka suna sauraron ƙarar rauni ba tare da sharaɗin takardar zama ba. Amma ka gaya wa lauyanka halin da kake ciki tun ranar farko, sirri ne tsakaninku, shi zai san yadda zai kare ka da yadda abin zai shafi lissafin albashin da ka rasa.

Wasu kuma za su ce maka ƙaddara ce, ka bar wa Allah. Ƙaddara gaskiya ce, amma imani da ita bai taɓa hana neman haƙƙi ba, kuma diyyar rauni abu ne da muka sani a addininmu tun kafin mu san kotun Bature. Wanda ya zuba guba a abin sha ya ɓoye, idan aka ƙyale shi, gobe ɗan wani zai kwantar.

Mataki na biyar: wa za a kai ƙara, kuma da wace hujja

Aikin lauya na farko shi ne ya aika wa duk masu hannu wasiƙar gargaɗi cewa kada su ɓatar da takardu da samfuri. Dokokin sarrafa kaya na 2007 sun tilasta wa kamfani ya ajiye samfurin kowane rukuni na wani lokaci, don haka akwai abin da za a gwada a kwatanta da naka.

Sunan da ke jikin roba sau da yawa na mai talla ne kawai. Wata masana'anta ce ta haɗa, wani ya shigo da sinadarin daga waje, wani ya rarraba, shago ya sayar. A jihohi da yawa ana iya haɗa su duka a ƙara ɗaya, kuma wannan yana da muhimmanci don ƙaramin kamfani na iya rufe ƙofa ya ɓace. Ko manya ma sukan durƙushe: Metabolife ya shelanta karyewa a 2005 bayan ƙararrakin da suka biyo bayan sinadarin ephedra, wanda FDA ta haramta a 2004. Game da kasuwannin intanet, jihohi sun sha bamban. A 2020 wata kotun ɗaukaka ƙara a Kalifoniya ta ce ana iya kama Amazon da alhakin kayan da wani ya sayar ta shafinsa, amma a 2021 Kotun Ƙolin Texas ta ce a dokar jiharta Amazon ba shi ne mai sayarwa ba a irin wannan ciniki.

Abin da ke taimakon mai ƙara shi ne, a yawancin jihohi ba sai ka nuna kamfani ya yi sakaci ko ya yi da gangan ba. Ya isa ka nuna kayan yana da aibi lokacin da ya bar hannunsu, kuma aibin ne ya cuce ka. Aibin iri uku ne: abin da ya shiga ciki wanda bai kamata ya shiga ba, haɗin da tun asalinsa haɗari ne, da rashin gargaɗi. Ɓoyayyen sinadari yakan faɗa cikin biyu ko duka ukun. A kan wannan lauya zai ƙara da'awar yaudarar masu saye, wadda a wasu jihohi, kamar New Jersey, takan ninka asarar kuɗi sau uku.

Idan ka ga sanarwar ƙarar gayya, wato wadda ake yi a madadin duk waɗanda suka sayi kayan, kada ka cike fom sai lauyanka ya karanta. Irin wannan ƙara galibi kuɗin saye take mayarwa, 'yan daloli kaɗan. Wanda ya rasa hanta ko ƙoda ƙararsa ta kansa yake buƙata.

Mataki na shida: nuna cewa shi ne ya jawo ciwon

Nan ne gizo ke saƙar. Samun sinadari a roba rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a nuna wannan sinadarin yana iya jawo irin ciwonka, kuma shi ne ya jawo naka. Sai da ƙwararru ake yin wannan, likitan hanta ko na zuciya da masanin guba, kuma tun hukuncin Daubert na Kotun Ƙolin Amurka a 1993, a kotunan tarayya da na jihohi da yawa alƙali ne ke tantance ko hanyar da ƙwararre ya bi ta kimiyya ce kafin a bar shi ya yi magana a gaban masu taya alƙali yanke hukunci.

A 2011 wani soja ɗan shekara 22 ya yanke jiki ya faɗi yana gudun atisaye a sansanin Fort Bliss da ke Texas, ya rasu, bayan ya sha Jack3d, wani gari mai DMAA na kamfanin USPlabs ɗin nan. A ƙarshen shekarar ma'aikatar tsaro ta kwashe kayan DMAA daga shagunan barikoki. A Landan kuma, a Janairun 2013, mai binciken musabbabin mutuwa ya ce DMAA yana da hannu a rasuwar wata mata 'yar shekara 30 da ta faɗi dab da ƙarshen gudun famfalaƙi na 2012. Duk da haka, da iyayen sojan suka kai ƙara, a 2015 kotun tarayya ta ƙi karɓar shaidar ƙwararrunsu a kan cewa sinadarin ne sanadi, ƙarar ta rasa ƙafar tsayawa. Duk lokacin da na tuna wannan shari'a sai na ji nauyin abin da iyayen nan suka ɗauka, sai kuma na ƙara ganin dalilin da ya sa fitsarin ranar farko da rubutun likitan farko suke da daraja haka.

Lauyoyin kamfani za su nemi wani sanadin daban, kuma mu 'yan Afirka ta Yamma akwai ƙofofi biyu da za su fara ƙwanƙwasawa. Ɗaya ciwon hanta nau'in B, wanda ya yaɗu a yankinmu, mutum yana ɗauke da shi tun yarinta bai sani ba. Ɗaya kuma jinin AS, wanda aka san yana ƙara haɗarin narkewar tsoka a atisaye mai tsanani. Samun ɗayansu ba ya kashe ƙara, don doka ta ce wanda ya cuci mai rauni ya ɗauki alhakin abin da ya ƙara masa. Amma dole likitanka ya san da shi ya yi bayaninsa tun farko. Idan kana da tsohon sakamakon gwajin jini, na neman biza ko na ɗaukar aiki ko na kafin aure, da ke nuna lafiyarka kafin ka fara shan kayan, ka nemo shi.

Za su kuma tambaye ka, bisa rantsuwa, ko ka wuce adadin da aka rubuta. Idan cokali biyu kake sha maimakon ɗaya, ko kana kora shi da lemon ƙara kuzari, ka faɗa. A yawancin jihohi hakan rage diyya yake yi gwargwadon laifinka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da suka fi nema ita ce bambanci tsakanin abin da ka gaya wa likita da abin da ka gaya wa kotu.

Kuɗin, da maganar sulhu

Ana lissafa kuɗin asibiti na baya da na gaba, albashin da ya salwanta, raguwar ƙarfin neman abinci, da raɗaɗin da aka sha. Wanda aka yi wa dashe zai sha maganin hana jiki ƙin sabuwar hantar har ƙarshen rayuwarsa, wannan ma sai an sa shi a lissafi. Idan an nuna kamfani ya san haɗarin ya ɓoye, kotu na iya ƙara diyyar horo. Yawancin ƙararraki a sulhu suke ƙarewa, bayan shekara biyu ko uku ko fiye. Kada ka karɓi tayi sai likita ya faɗi inda ciwon zai tsaya, don sa hannu a takardar sulhu rufe ƙofa ne har abada. Ka sa lauya ya rubuta maka abin da zai shigo hannunka bayan an cire kasonsa, da kuɗin ƙwararru, da abin da inshorar lafiya ko Medicaid, wato tallafin jinya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, za su karɓa na jinyar da suka biya.

Manyan alƙaluman da ake gani a labarai kada su ruɗe ka. A 2019 wata kotu a New Jersey ta yanke wa ɗan damben UFC Yoel Romero diyyar dala miliyan 27.45 a kan kamfanin Gold Star, bayan an sami haramtaccen sinadari a kayansu da ya jawo masa dakatarwa. Amma kamfanin bai ma halarci shari'ar ba, daga baya kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ce a sake lissafin. Hukunci a takarda daban, kuɗi a hannu daban, shi ya sa lauya mai hankali yakan fara binciken ko waɗanda za a kai ƙara suna da inshora.

Idan a Najeriya ka saya

Kayan nan suna shigowa ƙasarmu a akwatunan matafiya da ta odar intanet, ana sayar da su a gidajen motsa jiki da shafukan Instagram, har da na jabu. Sinadarin DMAA ma ba baƙo ba ne a wajenmu: shi ne aka samu a jikin Damola Osayomi a gasar ƙasashe rainon Ingila ta 2010 a Delhi, aka karɓe zinariyar da ta ci a gudun mita 100. Matakai uku na farko ba su sauya ba. Rahoto kuwa ga NAFDAC za ka kai, a ofishinta na jiharka ko ta manhajar Med Safety, bayan ka duba ko akwai lambar rajistarta a jikin robar da kuma ko lambar ta gaskiya ce a kundinta na Greenbook. Sai ka shigar da koke ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Dokar da ta kafa wannan hukuma, ta 2018, a sashe na 136 ta ɗora alhakin ɓarnar kaya mai aibi a kan wanda ya samar da shi, ko da ba a hannunsa kai tsaye ka saya ba. Kotun Ƙoli ma a 2008, a shari'ar Okwejiminor da Gbakeji, ta kama kamfanin lemo da alhakin rashin lafiyar wanda ya tarar da kyankyaso a kwalbar da ya sha. Jawo kamfanin da ke Amurka zuwa kotun Kano ko Kaduna abu ne mai wuya da tsada, don haka ƙarar takan fuskanci wanda ya shigo da kayan da wanda ya sayar maka. Ka san cikakken sunansa, adireshin shagonsa, da sunan da ya yi rajista da shi a hukumar CAC. Ka biya ta banki, ko ka nemi rasit mai hatimi. Wa'adin shigar da ƙara kuma kowace jiha da nata, don haka ka kai wa lauya robar da fayil ɗin asibiti a cikin watan da aka sallame ka.